Gashin haɓata da allurar lantarki

Shekara goma sha ɗaya na yi ina riga kowa tashi a gidan da nake, farko gidan iyayena a Agege, daga baya ɗakin aurena a unguwar, domin in samu minti goma ni kaɗai da madubi da hantsaki kafin a kira assalatu. Ina da shekara 19 na fara ganin sili uku baƙaƙe masu kauri a ƙarƙashin haɓata, na tsige su ban gaya wa kowa ba, kuma kafin in cika 25 sun wuce ƙirga, sun bi gefen muƙamuƙi sun haura har wajen saje. Wanda bai taɓa zama da wannan abu ba zai ɗauke shi ƙaramar magana, tunda gashi ba ya ciwo kuma ba ya kwantar da mutum, amma ni na san yadda yake sa mace ta riƙa jan hijabi sama har ya kusa taɓa leɓe a cikin zafin Legas, na kuma san yadda take gudun kujerar bakin taga a cikin mota don kada rana ta haska mata fuska a gaban wanda ke kusa da ita.

Ranar da Gwaggo ta kama ni a gaban madubi dariya ta yi, ta ce, "Ke 'yar nan, ai arziki ne, mace mai gemu ba ta talauci." Umma ba ta yi dariya ba, abu ɗaya kawai ta ja mini kunne a kansa, cewa kada in kuskura reza ta taɓa wurin, don a cewarta da zarar an aske sau ɗaya zai dawo da kaurin na maza. Na riƙe wannan gargaɗi tsawon shekaru, na yi ta neman kowace hanya ban da reza. Lokacin gyaran jikin aurena an yi mini halawa, fuska ta yi sumul na kwana goma sha, sannan gashin ya dawo, rabinsa ma bai iya fitowa ba, ya lanƙwashe ya koma cikin fata ya zama ƙuraje masu zafi. Na gwada man cire gashi na kanti, ya ƙona ni har fata ta saɓule. Kowane ƙurji idan ya warke sai ya bar baƙin tabo, har haɓata ta zama launi dabam da sauran fuskata, kuma a nan na yi kuskuren da ya fi kowanne muni: na sayi man haɗi a kasuwa don in goge baƙin. Daga baya na ji daga bakin likita cewa yawancin irin waɗannan mayuka suna ɗauke da sinadarin sitiroyid mai ƙarfi, wanda yake sirantar da fata, yake kuma iya ƙara tsiron gashi a inda ake shafa shi. Wata shida na yi ina ciyar da abin da nake yaƙi da shi da kuɗina.

Maigidana ne ya buɗe maganar, a shekara ta biyar da aurenmu. Wata asuba ya same ni da hantsaki a hannu, ya zauna a bakin gado ya ce tun makon farko ya sani, ya yi shiru ne don ya ga ba na son a sani. Sannan ya ce, "Wannan abu da jinkirin da muka samu kafin haihuwa, ba kya jin ya kamata likita ya duba ko suna da alaƙa?" Ban taɓa haɗa su a raina ba.

Kafin asibiti sai da na fara kwantar da zuciyata ta fuskar addini, domin na taso ina jin hadisin da ya la'anci mai tsige gashin fuska da wadda ake tsige wa, kuma duk tsawon shekarun nan ina tsigewa ne da nauyin laifi a ƙirji. Malamar Islamiyyarmu ta bayyana mini cewa malamai da yawa sun ɗauki hanin a kan gira, kuma Imam Nawawi ya faɗa ƙarara cewa idan gemu ko gashin baki ya tsiro wa mace, kawar da shi ba haramun ba ne, abin so ne ma. Ta ƙara da cewa in tabbatar mace ce za ta yi mini aikin, kuma in bar girata yadda Allah Ya halicce ta. Da na yi wannan tambaya ina da shekara 20, da na huta da rabin nauyin da na ɗauka.

A asibitin koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, likitar da ta gan ni ba ta fara da haɓata ba. Tambayarta ta farko ita ce, "Hajiya, al'adarki tana zuwa kowane wata?" Na ce tana iya yin wata biyu ko uku ba ta zo ba, kuma haka take tun ina budurwa. Ta duba wurare tara a jikina tana ba kowanne maki daga sifili zuwa huɗu gwargwadon yawan gashin, wato ma'aunin da ya samo asali daga aikin likitoci biyu, Ferriman da Gallwey, a 1961, sannan ta tura ni gwajin jini da hoton mara. Sakamakon ya nuna lalurar da ake kira PCOS, wadda ma'ajiyar ƙwan mace take fitar da sinadaran maza fiye da kima, al'ada ta rikice, ƙwai ya riƙa jinkirin nuna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mace ɗaya cikin goma masu shekarun haihuwa tana da ita, kuma mafi yawansu ba a taɓa gano musu ba. Ita ce kan gaba cikin abubuwan da ke kawo wa mata gashin fuska mai kauri, ko da yake akwai wasu, kamar matsalar ƙullin da ke saman ƙoda, da wasu magunguna, da gado kawai ba tare da wata cuta ba. Likitar ta ja hankalina a kan abu ɗaya da nake so kowace mace ta riƙe: idan gashi ya taso gadan-gadan cikin 'yan watanni, murya ta fara kauri, wannan ba na ɗakin kwalliya ba ne, a garzaya asibiti, don yana iya zama alamar ƙari.

Bayanin da ta yi mini a kan gashin kansa shi ne ya sauya yadda nake kallon lamarin gaba ɗaya. Ɗan Adam ana haihuwarsa da duk ramukan gashin da zai taɓa samu, kusan miliyan biyar, ba a ƙara masa sabo. Haɓar mace cike take da su kamar ta namiji, sai dai abin da ke fitowa daga cikinsu laushi ne da ido ba ya kamawa. Sinadaran maza ne suke taɓa ramin da ke fitar da laushin su mai da shi mai fitar da baƙin sili mai kauri, kuma ramin da ya riga ya juya da wuya magani ya mai da shi yadda yake a da. Saboda haka aikin kashi biyu ne: magani ya tsayar da juyewar waɗanda suka rage, wani abu dabam kuma ya kashe waɗanda suka riga suka juya. Wadda ta yi na biyun ta bar na farkon ta kashe maciji ba ta sare kansa ba, za ta yi ta biyan kuɗi tana ganin sabon gashi, ta ɗauka an cuce ta, alhali ramukan da aka kashe suna nan a mace, maƙwabtansu ne suke farkawa. Aka ɗora ni a kan magani, aka gaya mini sai na yi aƙalla wata shida kafin in ga bambanci, aka kuma gargaɗe ni cewa wasu daga cikin magungunan wannan lalura ba a shan su da juna biyu ko lokacin neman haihuwa.

A Legas idan kika ce kina son rabuwa da gashi, abin da kowa zai nuna miki shi ne leza, domin tallarta ta cika Instagram, musamman daga wuraren Lekki da Victoria Island da Ikeja. Ba na kushe ta, tana da amfani sosai a wuri mai faɗi kamar ƙafa ko hammata, domin tana gama da sili masu yawa a walƙiya ɗaya. Amma yadda take aiki shi ne haskenta yana bin baƙin launi, ya zama zafi a cikinsa, kuma mu launin da ke cikin gashinmu shi ne a cikin fatarmu. Na'urar da ba ta dace ba za ta ƙona fata kafin ta kai ga saiwa, shi ya sa ga baƙar fata aka fi amincewa da irin da ake kira Nd:YAG, wadda haskenta ke wuce saman fata ya shiga ciki. Ko ita ɗin ba ta ganin furfura, kuma ni a lokacin na fara samun farare a cikin na haɓata. An kuma san cewa a wasu mata ƙalilan, leza a fuska tana tayar da laushin gashin da ke kewaye maimakon ta rage shi. Abin da ya yanke mini shawara shi ne bambancin lafazi da hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi: leza an yarda a ce tana rage gashi na dindindin, amma kawar da shi na dindindin, ilektirolisis aka yarda a faɗa wa haka, wato kashe saiwar gashi da siririyar allura mai ɗauke da wutar lantarki.

Na yi mamaki da na ji tsufan wannan hanya, kuma na fi mamaki da na ji ba don kwalliya aka ƙirƙiro ta ba. Wani likitan ido ne a birnin Sant Luwis na jihar Misuri a Amurka, Charles Michel, ya wallafa bayaninta a 1875, bayan ya yi shekaru yana amfani da ita wajen kashe gashin ido da ya juya ciki yana gogar ƙwayar ido. Duk wanda ya fito daga Arewa ya san wannan ciwo, domin shi ne abin da amosanin ido yake jawowa idan ya daɗe, kuma kakata ta wajen uwa ta rayu da ƙaramin hantsaki ɗaure a bakin zanenta tana tsige gashin idonta duk bayan 'yan kwanaki. Da na karanta labarin Michel, ita na tuna kafin kaina.

Ga yadda abin yake a aikace. Allurar ba ta fi silin gashi kauri ba, kuma ba huda fata take yi ba: ana zura ta ne ta ƙofar da gashin ya fito, ta bi gefensa har ƙasan ramin, kamar yadda ake zura zare a kafar allurar ɗinki. Idan ta isa sai a saki wuta kaɗan, kuma wutar iri uku ce. Ta farko, wadda Michel ya yi amfani da ita, ana ce mata galbanik, wuta ce mai tafiya hanya ɗaya irin ta batir. Wadda ake yi wa aikin tana riƙe da ɗan ƙarfe a hannu don wutar ta kewaya, kuma idan ta haɗu da ruwa da gishirin da ke cikin ramin sai ta samar da ɗigon soda mai ci, ainihin sodar da mata suke haɗa sabulu da ita, sai dai ƙanƙanuwa ƙwarai, ita ce take cinye saiwar. Tana da tabbas amma tana da nawa, sili ɗaya yana iya cin daƙiƙu masu yawa. Ta biyu ita ce tamolisis, wadda likitan Faransa Henri Bordier na birnin Liyon ya bayyana a shekarun 1920, wuta mai kai da komo sau miliyoyi a daƙiƙa, wadda take dafa saiwar da zafi cikin ƙiftawar ido. Ta uku haɗin biyun ce, aikin Arthur Hinkel da Henri St. Pierre a shekarun 1940, inda zafin yake ƙara wa sodar kaifi ya kuma taimaka mata ta bazu. Wannan bambanci ya shafe mu kai tsaye, domin gashinmu mai murɗewa ne, raminsa ma a lanƙwashe yake a ƙarƙashin fata, allura kuwa miƙaƙƙiya ce. Zafi yana aiki ne a daidai inda bakin allura ya tsaya, soda kuwa ruwa ce, tana iya gangarawa ta bi lanƙwasar, shi ya sa masu aikin da yawa suka fi son haɗin ga gashi irin nawa.

Wurin farko da na je ban koma ba. Sun rubuta ilektirolisis a allonsu, kuɗinsu bai kai rabin na sauran ba, amma da na kwanta sai na ga babu allura ko ɗaya, wani hantsaki ne mai waya ake kama silin da shi daga waje, a jira kaɗan, a fizge. Na ji fizgar sarai, irin wadda na saba yi wa kaina kowace asuba. Gashi busasshe ba ya ɗaukar wuta ya kai ta ƙasa, don haka abin da aka yi mini tsiga ce kawai da aka sa wa suna mai tsada, kuma bayan mako uku komai ya dawo. Araha ba ta ado, amma a nan ba araha ce ta fi ba ni haushi ba, rashin gaskiyar ce, domin matan da ke zuwa irin wannan wuri sun riga sun gaji, kuma kowace za ta fita tana cewa hanyar ba ta aiki alhali ba a ma yi mata ita ba.

Wadda na zauna a hannunta wata Bayarabiya ce mai kimanin shekara hamsin, ma'aikaciyar jinya ce tun asali, tana aiki a wani asibitin fata a ɓangaren tsibiri na Legas. Zaman farko ba ta taɓa fuskata ba sai da ta yi mini tambayoyi na kusan rabin awa: ko ina da juna biyu, ko ina da ciwon suga, ko akwai na'urar daidaita bugun zuciya a jikina, ko ina shan maganin ƙurajen fuska mai ƙarfi, ko na taɓa samun rauni ya warke ya yi tudu. Ta duba hujin kunnena da tabon allurar rigakafi a damtsena, domin baƙar fata ta fi saurin yin irin wannan tabo mai tasowa, kuma wadda jikinta ke yin sa sai likitan fata ya amince kafin a fara. Akwai wani tawadar Allah a gefen haɓata mai sili biyu, ta ce ba za ta taɓa shi ba sai likita ya gani. Sannan ta gwada sili kaɗan a ƙarƙashin muƙamuƙi inda ba a gani, ta ce in dawo bayan mako biyu a ga yadda fata ta karɓa. Ta ɓare sabuwar allura daga ledarta a gabana, ta jefa ta a kwandon allurai da aka gama, hantsakinta kuma daga tukunyar turara kayan aiki ya fito. A ƙasar da ciwon hanta nau'in B ya yi yawa kamar tamu, wannan ba abin jin kunyar tambaya ba ne, haka ma tambayar ko wurin yana da rajista da HEFAMAA, hukumar da ke sa ido a kan cibiyoyin lafiya a jihar Legas.

Ita ce ta koya mini alamar da mai kwance za ta gane aiki mai kyau ba tare da ta ga abin da ake yi ba. Shigar allura bai kamata a ji shi kamar suka ba; zafin yana zuwa ne lokacin sakin wuta, ɗan tsinke mai ɗumi na ɗan lokaci; sannan idan aka kama silin ya kamata ya zamo ya fito da kansa ba tare da turjiya ba. "Alhaja, idan kin ji na ja, ki faɗa mini," haka take cewa, "don ja yana nufin saiwar ba ta mutu ba." Idan wutar ta yi kaɗan gashi ya dawo, idan ta yi yawa ko ta tsaya kusa da sama fata ta ƙone ta bar rami ko baƙi, kuma tsakanin waɗannan biyun ɗan siririn wuri ne da ido da hannu da shekarun aiki kaɗai ke iya samu. Na ga wurare masu na'urori sababbi fil da suka ɓata wa mata fuska, ita kuwa tata na'urar ta tsufa, amma tana aiki da gilashin ƙara girma da fitila mai ƙarfi, ba ta taɓa gaggawa ba ko da layi ya taru. Ra'ayina, bayan duk abin da na gani, shi ne a wannan sana'a hannu ake biya.

Umarninta mafi wuya shi ne in ajiye hantsaki gaba ɗaya, in koma reza. Na gaya mata abin da Umma ta ce, ta bayyana mini cewa reza ba ta isa saiwa ba balle ta sauya ta; silin da aka yanke yana fitowa da baki mai faɗi maimakon tsini, shi ya sa yake jin kaushi a hannu, amma kaurinsa da yawansa suna nan yadda suke. Tsiga kuwa tana ɓoye ramin na makonni, ba yadda za a yi a kashe abin da ba a gani. Sannan dole in bar shi kwana biyu ko uku kafin kowane zama don ta sami abin kamawa. Waɗannan kwanaki ukun sun fi allurar zafi. Na yi su da takunkumin fuska a makarantar da nake koyarwa, na yi su da niƙabin aro ranar wani suna da ba zan iya ƙin zuwa ba.

Dalilin da ya sa aikin yake ɗaukar lokaci shi ne gashi ba ya tsirowa gaba ɗaya. Kowane rami yana da lokacin girma, da ɗan lokacin janyewa, da lokacin hutu da silin yake faɗuwa ramin ya zauna shiru, don haka abin da ake gani a haɓa yau wani kashi ne kawai na abin da ke ƙasa. Ga wadda ta yi shekara goma sha ɗaya tana tsiga kullum kamar ni, abin da ke ɓoye ya ninka abin da ke fili, kuma a wata na biyu, da duk waɗanda na saba tsigewa suka fito tare, na ga ainihin yawan gashina a karon farko, na zauna a banɗaki na yi kuka. Da ba ta riga ta gaya mini haka za ta faru ba, da a nan na tsaya. Wata huɗu na farko kowane mako nake zuwa, awa guda. Daga nan ya koma bayan mako biyu, sannan sau ɗaya a wata na minti ashirin, har ya zama sai na tara abin da ya isa a je dominsa.

Na fara ne a farkon 2024, daidai lokacin da ake gyaran gadar Third Mainland, ga kuɗin mota ya riga ya tashi tun cire tallafin mai a 2023. Daga Agege zuwa tsibiri nakan ci awa uku a hanya don zaman awa ɗaya, in dawo bayan la'asar da haɓa a kumbure cikin cunkoson motocin haya na danfo. Da jirgin ƙasa na jan layi ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoba na shekarar, ina hawa a tashar Agege in sauka Oyingbo, tafiyar ta ragu sosai. Kuɗin aikin da minti ake lissafa shi, kuma a watannin farko zama ɗaya yana kusan cinye cefanen mako. Adashen da nake yi da malaman makarantarmu ne ya ɗauki rabi, maigida ya ɗauki rabi. Duk wadda za ta fara ta yi lissafin shekara ɗaya da rabi tun daga farko, har da kuɗin hanya, domin tsayawa a tsakiya shi ne asarar gaske.

Kula da wurin bayan zama ya fi wuya a garin nan saboda gumi da laima. Fatar takan yi ja ta kumbura kamar cizon sauro na 'yan awoyi, wani lokaci ƙananan ɓawo su fito bayan kwana biyu, waɗanda ba a ɓantarewa ko da sun yi ƙaiƙayi, don ɓantarewar ce ke barin tabo. Kwana ɗaya zuwa biyu babu hoda, babu turare a wurin, babu dilka ko wani abin gurza fata, babu tsayawa a kan tukunya mai tururi. Alwala ba ta hana komai ba, ruwa mai tsabta ne, sai dai in shafa a hankali in bar shi ya bushe da kansa. Abin da ban yi tsammani ba shi ne hijabi: bakinsa yana zama daidai inda aka yi aikin, yana gogawa da gumi duk yini, sai da na ɗinka wasu na auduga masu sakin wuya na ranakun zama. Na kuma koyi shafa man kariya daga rana, abin da a da nake ɗauka na Turawa ne, alhali rana ce take ƙara duhunta duk inda baƙar fata ta yi rauni. Duk da haka na sami ɗige-ɗigen baƙi a watannin farko, suka ɗauki watanni kafin su washe, tare da tsohon baƙin da hantsaki ya bari, wanda ya fara gushewa da kansa tun da ƙurajen suka daina fitowa.

Zama na ƙarshe na jere na yi shi bayan wata ashirin da farawa. Ba zan ce haɓata ta koma ta jaririya ba. Akwai wuri ɗaya a hagu da fatar ta ɗan yi kaushi tun zamanin man haɗi, kuma laushin gashi na halitta yana nan, ba a taɓa shi ba don bai kamata a taɓa ba. Amma baƙaƙen silin da aka kashe ba su dawo ba. Abin da ke fitowa yanzu sili huɗu ne ko biyar a cikin wata uku, sababbin juyewa, tunda lalurar tana nan ana lallaɓa ta da magani da rage ƙiba, kuma minti goma sun ishe su.

A bikin da aka yi a gidanmu watan jiya, 'yar ƙanwar Umma mai shekara 21 ta bi ni har ɗaki ta rufe ƙofa, ta sassauta mayafinta ta nuna mini ƙarƙashin haɓarta, ta ce, "Yaya, wai ina kika je aka yi miki?" Na tambaye ta al'adarta, ta sunkuyar da kai ta ce rabonta da ita tun kafin azumi. Na karɓi hantsakin da ke cikin jakarta, na ce lambar mai allura tana nan zan ba ta, amma ranar Talata Idi-Araba za mu fara zuwa, ta shirya mu kama jirgin ƙarfe bakwai.